Hasumiyoyin Sarauniya Eleanor: An Gina Goma Sha Biyu, Uku Suka Rage

Ranar 28 ga Nuwamba, 1290, Sarauniya Eleanor, matar Sarki Edward na ɗaya na Ingila, ta rasu a wani ƙauye mai suna Harby, kusa da birnin Lincoln. Inda za a binne ta kuwa, wato majami'ar Westminster, yana can kudu a gefen Landan. Ga sanyin hunturu, ga hanya duk taɓo, don haka sai da ayarin da ya ɗauko gawar ya yada zango sau goma sha biyu: Lincoln, Grantham, Stamford, Geddington, Hardingstone da ke bakin Northampton, Stony Stratford, Woburn, Dunstable, St Albans, Waltham, sai Cheapside a tsakiyar Landan, sannan Charing, ƙofar shiga Westminster. An yi jana'izarta ranar 17 ga Disamba. Daga shekarar da ta biyo baya magina suka kama aiki, kuma cikin shekaru huɗu zuwa biyar kowane zango ya samu doguwar hasumiyar dutse mai gicciye a ƙololuwarta.

Yau uku ne kawai ke tsaye: ta Geddington, da ta Hardingstone, da ta Waltham. Biyun Landan, waɗanda aka fi kashe wa dukiya, ko tushensu babu. Idan ka tambayi dalili, amsar da za a ba ka a gaggauce ita ce masu tsattsauran ra'ayin addini ne suka rushe su lokacin yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640. Haka ne, amma wannan amsa ba ta bayyana yadda aka yi hasumiyar da ta kai shekara 350 a tsakiyar kasuwa ta zama abokiyar gaba ba, alhali 'yar'uwarta da ke ƙauye ba wanda ya taɓa ta.

Da farko dai, kada mai karatu ya ɗauka itace biyu ne aka gitta. Gini ne mai hawa-hawa, yana tsukewa yayin da yake yin sama. A hawan ƙasa an sassaƙa tambarin gidajen sarauta: zakoki uku na Ingila, da ganuwa da zaki na Kastil da Leyon, ƙasar mahaifinta a Sifaniya, da tambarin Ponthieu, yankin da ta gada ta wajen uwa a Faransa. A hawa na tsakiya mutum-mutumin sarauniyar ne a tsaye cikin 'yan ɗakuna, gashinta a sake a kan kafaɗu, da kambi a ka, hannu ɗaya na riƙe da igiyar alkyabbarta. Sai can sama gicciyen kansa. Ta Geddington kusurwa uku gare ta, siririya, tsawonta ya kai wajen mita 13. Ta Waltham kusurwa shida, ta Hardingstone takwas, kuma a jikin wannan ta ƙarshe har yau ana ganin siffar buɗaɗɗun littattafai da aka sassaƙa a dutse, waɗanda ake kyautata zaton an rubuta addu'o'i a kansu da fenti.

Addu'ar ce asalin maganar. A aƙidar Katolika, wadda ita ce addinin Ingila gaba ɗaya a lokacin, ran mamaci yakan tsaya a wani wurin tsarkakewa kafin ya shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana rage masa zaman. Hasumiya a bakin hanya roƙo ce ga duk mai wucewa, ɗan kasuwa ne ko manomi, ya tsaya ya yi wa matar nan addu'a. 'Yan zuhudun Dunstable sun rubuta yadda abin ya kasance a garinsu: an ajiye makarar a tsakiyar kasuwa har sai da manyan fadawan sarki suka zaɓi wurin da ya dace da ginin, sannan shugaban gidan zuhudun ya yayyafa wa wurin ruwa mai tsarki. Ba su manta da rubuta abin da aka ba su ba: tufafi biyu masu tsada da kakin kyandir mai yawa.

Cewa Edward ya so matarsa, wannan ba a musu. An ɗaura musu aure a Burgos a 1254 suna ƙanana, sun shekara 36 tare, ta bi shi har Akka lokacin yaƙin 'yan Salibiyya, can ma ta haifi ɗaya daga cikin 'ya'yansu. Bayan rasuwarta ya rubuta wa shugaban gidan zuhudun Cluny cewa ya ƙaunace ta tana raye, kuma ba zai iya daina ƙaunarta ba bayan ta mutu. Amma sarki ba ya gina abu don zuciyarsa kaɗai. Shekaru ashirin kafin haka Sarki Louis na tara na Faransa ya mutu a bakin Tunis, a 1270, aka kawo ƙasusuwansa gida, aka kafa irin waɗannan hasumiyoyi a hanyar Faris zuwa Saint-Denis. Edward ya ga abin da Faransawa suka yi wa sarkinsu, ya yi wa matarsa wanda ya fi shi.

Akwai kuma abin da masu ba da labarin soyayya ba su cika faɗa ba. Eleanor ba ta da farin jini a wurin mutanen Ingila tana raye. An san ta da tara filaye, musamman ta hanyar sayen basussukan da masu gonaki suka ci a hannun Yahudawa, sannan ta karɓe gonakin idan an kasa biya. Babban limamin Kantabari, John Peckham, sai da ya yi mata gargaɗi a kan haka. Ita kanta da ajali ya matso ta roƙi a binciki zaluncin da wakilanta suka yi, kuma an yi binciken bayan mutuwarta. A shekarar da ta rasu ne Edward ya kori Yahudawa daga Ingila baki ɗaya. To macen da ke tsaye a dutse da fuska mai sanyi, tamkar waliyiya, gyaran suna ne aka yi mata da kuɗi mai yawa. Takardun lissafin masu kula da wasiyyarta sun tsira, shi ya sa muka san sunayen maginan. Michael na Canterbury ya karɓi jingar ta Cheapside a kan fam 300. Ta Charing, wadda Richard na Crundale ya fara, ɗan'uwansa Roger ya ƙarasa, ta ci sama da fam 600. Dattawanmu da suka riski zamanin fam da sule sun san kwabo 240 ne fam ɗaya, ga shi ƙwararren magini a wancan zamani 'yan kwabbai yake samu a yini.

Yanzu sai mu tsaya a Cheapside, domin a nan ne rigimar take. Wannan titi shi ne cibiyar kasuwancin Landan, layin maƙeran zinariya, kuma ta nan duk wani jerin gwanon sarauta yake bi. A gindin hasumiyar ake karanta sanarwar hukuma. Saboda haka mutanen birnin ba su bar ta yadda aka gina ta ba. A 1441 aka samu izinin sake gina ta, aikin bai kammala ba sai 1486, kuma wadda ta fito daga wannan gyara ba ta Eleanor ba ce sosai. An cika ta da siffofin addini: tashin Almasihu daga matattu, Maryamu rungume da jaririnta, Edward mai ibada, wani sarkin Ingila na dā da ake ɗauka waliyyi, da sauran waliyyai, an lulluɓe da dalma an shafe da ruwan zinariya. Duk sanda babban baƙo zai shigo gari sai a sake shafa mata zinariya. An yi haka a 1522 don Sarki Charles na biyar na Daular Rum Mai Tsarki, an yi a 1533 don naɗin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na takwas, an yi a 1554 don Philip na Sifaniya. A ganina masoyanta ne suka fara haƙa mata rami. Da an bar ta da mutum-mutumin sarauniya da tambarin gidan sarauta, da wuya a samu hujjar kiranta gunki.

Ana cikin haka addinin ƙasa ya juya. Henry na takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534. A zamanin ɗansa Edward na shida aka ba da umarnin fitar da siffofi daga majami'u, aka kuma soke aƙidar wurin tsarkakewar nan. Idan babu wurin da rai yake jira, addu'a ga mamaci ba ta da amfani, ke nan aikin da aka gina hasumiyoyin dominsa ya mutu tun a lokacin. Sarauniya Mary, 'yar Henry, ta dawo da Katolika na shekara biyar, ƙanwarta Sarauniya Elizabeth ta sake mayar da ƙasar Furotesta daga 1558. Majami'u an share su, amma ga Maryamu da jaririnta suna ƙyalli a tsakiyar babban titin ƙasar, a bainar jama'a.

Daren 21 ga Yuni, 1581, wasu suka far mata. Marubucin tarihin Landan John Stow ya bayyana abin da aka wayi gari aka gani: an farfasa siffofin hawan ƙasa, an cire jaririn daga cinyar Maryamu, an karya hannayen da take riƙe da shi, ita kanta an ɗaura mata igiya an ja har ta karkata kamar za ta faɗi. An sa ladan kuɗi ga wanda ya tona masu laifin, ba wanda ya fito. A birni mai masu gadin dare, a kan titi mafi cika, aikin da ya ɗauki lokaci da igiyoyi, a ce ba wanda ya gani? Shirun nan ya nuna inda zuciyar unguwar take.

Abin da hukumar birnin ta yi bayan haka yana da ban dariya. Wajen 1596 aka kafa mutum-mutumin Diana, allahiyar farauta ta tsoffin Rumawa, a jikin hasumiyar, aka jawo ruwan kogin Thames yana tsartuwa daga ƙirjinta. Wato an kafa gunkin arna na ainihi a jikin ginin da ake zargi da zama gunki. Amma idan ka duba da kyau akwai tunani a ciki. Ba wani mutumin Landan da zai durƙusa wa Diana, don haka ita ado ce kawai. Maryamu kuwa akwai masu durƙusa mata, kuma abin da ake tsoro ke nan.

Wajen 1600 gicciyen da ke ƙololuwa ya ruɓe, aka sauke shi. Sai gardama ta tashi: a mayar ko kada a mayar? An nemi fatawar malaman jami'a. George Abbot na Oxford, wanda daga baya ya zama babban limamin Kantabari, ya ba da shawarar a sa dala mai tsini a madadinsa. Elizabeth, wadda ita kanta ta ajiye gicciye a ɗakin ibadarta duk da ƙorafin limamanta, ba ta yarda ba. Aka mayar da gicciye marar siffar mutum, aka shafe shi da zinariya. Ba a yi mako biyu ba aka sake lalata siffar Maryamu da dare. Daga nan sai aka kewaye ginin da shingen ƙarfe.

Masu adawa da ita, waɗanda ake kira Furitan, ba mahaukata ba ne, kuma ya kamata a ji hujjarsu. Sun ce doka ta biyu cikin Dokoki Goma ta hana sassaƙa siffa a yi mata sujada. Sun ce suna ganin mutane suna cire hula suna sunkuyawa idan sun zo wucewa, to mene ne wannan in ba bauta ba? Wanda ya saba jin muhawarar malamai a kan hoto da gini a kan kabari ba zai ga baƙon abu a nan ba. Masu kare ta kuma suka ce ado ne na birni, gadon kakanni, kuma dutse ba ya laifi don wani jahili ya sunkuya masa. Da a kan wannan kaɗai aka tsaya, da an ci gaba da jayayya har wani ƙarni. Siyasa ce ta yanke hukunci.

Sarki Charles na ɗaya ya auri Bafaranshiya 'yar Katolika, Henrietta Maria. Babban limaminsa William Laud yana ta dawo da ƙawa da tsare-tsaren ibada da Furitan ke gani a matsayin komawa Rum ta bayan gida. A Oktoban 1641 'yan Katolikan Ireland suka yi tawaye, labaran kisan kiyashi suka cika Landan, an ƙara musu gishiri sosai. A irin wannan yanayi ra'ayinka a kan hasumiyar Cheapside ya zama shaidar ɓangaren da kake. A Janairun 1642 aka sake kai mata hari, har aka girke masu gadi. Maɗaba'u suka yi ta fitar da 'yan ƙananan takardu, wasu suna tuhumarta kamar mai laifi a gaban alƙali, wasu suna sa ta magana da bakinta tana kuka da halin da ta shiga. Eleanor kuwa, wadda dominta aka aza tubalin farko, kusan ba ta cikin zancen.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa a 1642, Landan tana hannun majalisa. A Afrilun 1643 majalisar ta kafa kwamitin rushe abubuwan camfi da bautar gumaka a ƙarƙashin Sir Robert Harley, kuma magajin garin Landan na lokacin, Isaac Pennington, ɗan ɓangarensu ne. Ranar 2 ga Mayu aka zo da rundunar mahaya dawaki ɗaya da ta dakaru biyu suka kewaye wurin. Ma'aikata suka hau da tsani da igiyoyi. Da gicciyen sama ya faɗo aka buga ganguna, aka busa ƙahoni, jama'a suka yi ta jefa huluna sama. John Evelyn, mai goyon bayan sarki, yana wurin, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa ya ga fusatattun mutane masu zafin addini suna rushe wannan gini mai martaba. Kasancewar sojoji da yawa haka ya nuna hukuma ba ta tabbata kowa zai yi tafi ba. Bayan 'yan kwanaki, a daidai wurin, aka ƙona takardar sarki da ta halatta wasanni ranar Lahadi. Wannan ba aikin 'yan dare ba ne irin na 1581. Gwamnati ce ta yi shi da rana tsaka, don a gani, kuma a watan Agusta ta fitar da dokar da ta haɗa da gicciyen da ke fili a ko'ina cikin ƙasar. A cikin waɗannan shekaru ne akasarin sauran hasumiyoyin Eleanor da ke garuruwan kan hanya suka tafi, haka ma shahararren gicciyen Abingdon da sojojin majalisa suka rushe a 1644. Mutanen Banbury ma ba su jira kowa ba, tun wajen 1600 suka kayar da nasu.

Ta Charing ta ɗan ƙara kwana. Ta riga ta tsufa, ta dushe, ba ta da zinariyar da za ta tsone wa kowa ido, sai a 1647 aka sauke ta. An ce an shimfiɗa wasu duwatsunta a gaban fadar Whitehall, wasu kuma aka yi ƙotar wuƙa da su. Filin da ta bari bai huta ba. An fille kan Charles a Janairun 1649. Da ɗansa ya dawo kan gado a 1660, a wannan fili aka kashe wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu a hukuncin uban, ciki har da Thomas Harrison, ranar 13 ga Oktoba. A 1675 aka kafa mutum-mutumin Charles na ɗaya a kan doki a daidai inda hasumiyar take. Shi ma wannan mutum-mutumi majalisa ta sayar wa wani maƙerin tagulla, John Rivett, don ya narkar, shi kuwa ya ɓoye shi har sarauta ta dawo. Yana nan har yau yana fuskantar titin da aka kashe mai shi, kuma daga wurin ake auna nisan garuruwa zuwa Landan. Abin lura shi ne masu sarauta da suka ci nasara ba su sake gina hasumiyar Eleanor ba, ko a Charing ko a Cheapside. Sun gwammace su kafa nasu mutumin.

Akwai kuma wani mai rushewa da ba ya buga ganga. Gicciyen kasuwa da dama sun tsallake yaƙin basasa lafiya, sai keken doki ya ci su a ƙarni na 18, lokacin da garuruwa ke faɗaɗa tituna kuma masu kuɗi ke ganin ginin tsakiyar zamani a matsayin tsohon yayi. Na Gloucester an cire shi a 1751, na Edinburgh a 1756, na Coventry a 1771. A Bristol wani maƙerin azurfa ya kai ƙara cewa idan iska ta taso gicciyen yana barazanar faɗo wa gidansa, aka sauke shi a 1733, daga baya aka ba wani attajiri, Henry Hoare, ya kai shi lambunsa a Stourhead, inda yake har yanzu a matsayin ado. A Winchester ma an sayar da nasu a 1770, amma da ma'aikata suka zo ɗauka mutanen gari suka taso suka kore su, shi ya sa yana nan a kan babban titi. Waɗannan masu faɗaɗa hanya ba wanda yake kiransu masu tsattsauran ra'ayi, alhali ɓarnar da suka yi ba ƙarama ba ce.

Ukun da suka tsira, me ya cece su? Ba wanda ya bar takardar dalili, amma abin da suka yi tarayya a kai a bayyane yake. Geddington ƙauye ne, Hardingstone tana bakin hanya a wajen gari, Waltham ƙaramin wuri ne a lokacin. Ba wanda ya sake gina su da siffofin waliyyai, ba wanda ya shafa musu zinariya don tarbar baƙo, ba a karanta sanarwar sarki a gindinsu yadda ake yi a Landan. Siffar da ke jikinsu ta sarauniya ce, ba ta abin bauta ba. Kuma dukkansu sun rasa ainihin gicciyen da ke samansu. Ta Hardingstone tun a 1460, lokacin yaƙin Northampton, an riga an san ta da marar kai. Ta Waltham ta sha gyara har sau da dama, kuma ainihin siffofin sarauniyar da Alexander na Abingdon ya sassaƙa an cire su a shekarun 1950 saboda hayaƙi da ruwan sama, yanzu suna gidan tarihi na Victoria da Albert, waɗanda ke jikin ginin kwafi ne. Daga ta Lincoln guntun mutum-mutumi ɗaya ya rage, daga ƙugu zuwa ƙasa, an ajiye shi a harabar tsohuwar fadar birnin mai ganuwa.

A zamanin Sarauniya Victoria yayi ya sake juyawa, aka koma sha'awar ginin tsakiyar zamani. Hasumiyar da matafiya ke gani yau a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross kamfanin jirgin ne ya gina ta a 1865, bisa zanen Edward Middleton Barry, don ƙawata gaban otal ɗinsa. Ba a wurin ta asali take ba, kuma ta fi ta asalin ado. Kafin ita, a Oxford, masu kishin Furotesta sun tara kuɗi don tunawa da limamai uku, Cranmer da Latimer da Ridley, waɗanda Sarauniya Mary ta sa aka ƙona a 1555 da 1556 saboda aƙidarsu ta Furotesta. Mai zanen, George Gilbert Scott, ya ɗauki fasalin hasumiyar Waltham ya yi musu tasu, da siffofinsu a tsaye cikin 'yan ɗakuna da gicciye a sama. An kammala ta a 1843.